Kwat ɗin Malam Bahago

Duk wanda ya ga Auta a yanzu yana shiga aji da wata kwat ruwan toka da ta yi masa yawa a kafaɗa, zai ɗauka gwanjo ya saya bai gwada ba. Ɗalibansa ma sun sha yi masa tsiya a kanta. Wata dattijuwa a cikinsu har katin wani tela ta taɓa kawo masa, ta ce yana rage kaya da araha. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu, maganar ke nan har yau. Kwat ɗin nan ba gwanjo ba ce. Ubansa ne ya ɗinka masa ita, kuma ita ce ɗinki na ƙarshe da tsohon ya yi da idonsa.

Baba tela ne, mai shago ɗan ƙarami a bakin titi, da keke ɗaya mai feda wanda ya girmi 'ya'yansa duka. Mutum ne mai faɗa, irin wanda in ka kawo masa yadi mara kyau sai ya fara zagin wanda ya sayar maka kafin ya ɗauko tef. Matarsa ta rasu Auta yana rarrafe, don haka babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, ita ta goya shi, ita ta yaye shi, ita kuma ke dukansa. Baba ya so yaron ya gaje shi, sai ga shi Allah ya yi shi bahago. Almakashin tela kuwa na dama ne. Auta ya ɓata yadin mutane har sau nawa, ran nan Baba ya karɓe almakashinsa ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, kai ba tela ba ne. Je ka yi boko, ko alli ya yarda da hannun nan naka." Amma ranar da wani malami ya kumbura wa yaron hannu da bulala don ya koma rubutu da dama, Baba rufe shago ya yi da rana tsaka, ya je makarantar ya yi musu tas.

Turancin ma a shagon Auta ya fara tsintarsa, cikin tsofaffin jaridun da Baba ke yanka samfurin riga da su. Sai ka gan shi tsugune yana karanta rabin labari, sauran rabin ya tafi da hannun rigar wani. Ya gama karatu, aiki ya ce nemo ni. Ya yi shekaru a shagon buga takardu, yana gyara wa mutane Turancin takardun neman aikinsu, su samu, shi yana nan. Da ya ga talatin na leƙo shi, sai ya shiga wani ɗan gajeren kwas na koyar da Turanci ga waɗanda ba yarensu ba ne. Ranar da aka ba su takardar shaida, malamin kwas ɗin ya ce musu duniya gaba ɗaya tana neman irinsu. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya musu watan da take nemansu ba.

Akwai abokinsa na ƙuruciya, Dogo, da ya daɗe a wata ƙasa mai nisa yana ɗaukar kaya a wani babban sito. Dogo ya ce a waya, "Taho kawai, makarantun Turanci a nan kamar shagunan aski, kowace kwana akwai. Ga ɗaki." Dogo kuwa me ya sani a kan makaranta, mutumin da tun suna yara ta taga yake fita daga aji? Baba ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kada takarda ta yi sanyi a akwati. Yaya ta sayar da abin da ta sayar. Cikin su ukun nan babu wanda ya yi tunanin tambayar lokacin da makarantun can ke ɗaukar malamai.

A lokacin idon Baba ya riga ya fara tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, ganin yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ya ba shi maganin ɗigawa don ya rage masa gudu. Yaya ce ke zura masa zare a allura. Duk da haka tsohon ya ce ɗansa ba zai tsaya gaban ɗaliban wata ƙasa da rigar kanti ba. Ya jawo keken zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ya kira Auta awo.

"Ɗaga hannu. Ba wannan ba, sakarai, na hagun. Yi kamar kana rubutu a saman allo."

Auta ya ɗaga.

"Ka ga malaman nan masu kwat ɗin kanti? Da sun ɗaga hannu sai rigar duk ta bi su sama, kafaɗa ta haɗiye kunne, gindinta ya ɗage, yara suna kallon cibiyarsu suna dariya. Wanda ya ɗinka ta don mai zama a ofis ya yi ta. Kai mai allo ne, kuma bahago."

Sai ya yanka hannun hagun daban da na dama. Ya ɗaga ramin hammatar, ya sa wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a ƙarƙashi, ya ɓoye ninki a bayan kafaɗa yadda zai buɗe in an miƙa hannu, ya rufe in an sauke. Ya warware ya sake, ya warware ya sake, hancinsa kusan yana taɓa yadin. Bai gama ba sai da safen ranar tafiya. Auta ya saka, Yaya ta rangaɗa guɗa, Baba ya daka mata tsawa.

"Ba a gane kwat a gaban madubi. Ka ji ni, Auta? Ranar da ka samu ajinka, ka sa wani ya ɗauke ka ta baya, hannunka a sama kana rubutu. Ka turo wa yayarka. Ina so in ga yadda ta zauna tun ina iya gani. Ban roƙe ka komai ba sai wannan."

Auta ya ce in sha Allahu ba za a daɗe ba.

Ya sauka a tsakiyar sanyi. Kai, sanyi suna ya tara! Da ƙofar filin jirgin ta buɗe, iska ta mare shi, sai da ya ji haƙoransa na ciwo. Dogo ya dube shi da kwat ɗinsa ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. "Wannan ai ta ɗaukar hoto ce, Malam! A nan in ka fita da ita, gawarka za a tsinta a tsaye." Ya cire wata ƙatuwar rigar sanyi mai ƙamshin kwali da man inji ya ɗora masa. Tun daga ranar haka Auta yake fita: kwat a ciki, rigar Dogo a waje, kamar an naɗe tabarma.

Ɗakin yana hawa na sama a wani tsohon bene, gado ɗaya, katifa ɗaya a ƙasa, da hitar ɗumama ɗaki mai ƙugi kamar tsohon da ke fama da majina. Safa a shanye a kanta kullum. Taga tana kallon bangon wani gida. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, kafin la'asar kuma ta tattara ta tafi.

Washegari ya goge takalmi, ya sa takardunsa cikin leda don kada dusar ƙanƙara ta jiƙa su, ya fara bin makarantun. Gaskiyar Dogo, suna da yawa. Yawancinsu a saman wani kanti suke, a hau matakala mai santsi, a tura ƙofar gilashi, a tarar da wata mata a bayan tebur da tukunyar fure ta roba. Kafin ya buɗe baki yakan cire rigar Dogo ya rataye a hannu don a ga kwat. Matar takan saurare shi, ta yaba Turancinsa, sannan ta ce, "Ayya, ai mun gama ɗaukar malamai tun ƙarshen bazara, kafin a buɗe zango. Yanzu tsakiyar shekara ce, kowane aji da mai shi. Ka dawo in gari ya yi ɗumi." Ta farko ta faɗa, ta biyu ta faɗa, ta goma ma kamar sun haɗa baki. Wasu kuma fasfonsa suke juyawa, su dubi bangon, su dube shi, su ce iyayen yara sun fi son wanda aka haifa cikin Turancin. Ya sauko matakala ya mayar da rigar Dogo, yatsunsa sun ƙage har zif ya gagare shi.

Ana haka sai wayarsa ta fara ƙara. Wata makaranta ta ce ya zo ya yi darasin gwaji, su ga kamun ludayinsa. Auta ya kwana yana shiri, ya je ya yi, aka ce madalla, za a neme shi. Wata ma ta kira, ita ma gwaji. Ya daɗe kafin ya gane dawar garin: lokacin sanyi malamai na kwanciya da mura, mai makaranta kuwa ba ya son biyan wanda zai riƙe aji na kwana ɗaya, sai ya ɗauko takardun masu neman aiki ya kira ɗaya "gwaji". Malamin ya warke, gwaji ya ƙare. Tir da wannan hali! Amma ko da ya gane bai daina zuwa ba, don mai nema ba ya fushi, kuma wa ya san ƙofar da za ta buɗe?

A ɗaya daga cikin irin waɗannan ranaku aka ba shi ajin manya, ma'aikatan otal da direbobi da wata mai gyaran gashi, duk sun taso daga aiki a gajiye. Darasin ya yi daɗi har shi kansa ya manta ba nasa ba ne. Ya cika allo da rubutu. Da aka tashi, mai gyaran gashin ta zo tana nuna masa wayarta. Allon ta ɗauka don ta kwafa a gida, sai ga shi a ciki, ta baya, hannun hagu a miƙe can saman allo. Kafaɗar tana kwance lumui. Gindin kwat ɗin ko motsi bai yi ba. Ninkin nan na baya ya buɗe kamar yadda aka umarce shi. Auta ya tsaya yana kallo har matar ta tambaye shi ko lafiya. Ta tura masa hoton nan take.

Da ya nuna wa Dogo, Dogo ya buga cinya. "Shi ke nan, an gama! Tura wa tsoho."

"Ba ajina ba ne."

"Wa ya tambaye ka? Allo ne, ga ka, ga kwat."

"Cewa ya yi ranar da na samu ajina. In na tura zai ce na samu aiki, ya bi layi yana gaya wa mutane. Ka san Baba. Bai taɓa ba mutum riga da zaren riƙo a jikinta ba, sai ta kammalu. Ni ma ba zan ba shi rabin abu ba."

"To ka gaya masa gaskiya mana, ka ce gwaji ne."

"In ce masa wata biyu ina yi wa mutane aikin banza? Sun ce za su kira ni. In sun kira, ranar zan tura."

Dogo ya ce, "Wallahi taurin kan nan gado ne." Ya ja bargo.

Gado ne kuwa, kuma ba shi kaɗai ya gada ba. Duk ranar hutu Auta yakan kira gida. Baba ya karɓi waya ya ce, "Ina hotona?" Auta ya ce, "Ana hanya, Baba, sun ce in ɗan jira." In ya tambayi Yaya jikin Baba, sai ta ce da sauƙi. Ita ma ta tambaye shi aiki, ya ce da sauƙi. Wannan "da sauƙi" ta cuci mutane da yawa. Yaya ba ta gaya masa idon hagu ya rufe gaba ɗaya ba. Ba ta gaya masa na daman ya koma kamar mai leƙe ta ramin makulli ba, sai an kai abu daf da fuskarsa ya yi ta juya kai kafin ya kama shi. Gani take yaro yana can cikin ƙanƙara, kada ta ƙara masa nauyi. Shi kuma gani yake akwai sauran lokaci. Kowa yana tausayin kowa, hoto yana kwance a waya.

Makarantar ba ta kira ba. Guzurinsa ya ƙare, Dogo ya roƙa masa aikin wucin gadi a sito, inda ake loda kwalaye a mota ƙofa a buɗe, iska na shiga har ƙashi. Ya kwanta da tari mai tsanani, ya tashi, ya koma. Abinci ya daina yi masa daɗi, shayi da burodi kawai yake iya turawa. Ya ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa. Wani lokaci a cikin bas yakan buɗe hoton ya yi ta kallo, babban yatsansa a kan wurin turawa, sai ya kashe wayar ya mayar aljihu. Yana kewar gida kamar ransa zai fita, kuma yana jin kunyar gidan.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa, tituna suka cika da ruwan laka, sannan wata 'yar ƙaramar makaranta a bayan tashar jirgin ƙasa ta neme shi. Malamarsu ta tafi haihuwa, suna son mai riƙe ajinta har ƙarshen zango, da albashi, da takarda a rubuce. Ranar farko, kafin ya ce komai, ya miƙa wa wani ɗalibi wayarsa ya ce don Allah ya ɗauke shi ta baya. Ya rubuta sunansa a can saman allo. Ana tashi ya fito baranda, ko duba hoton bai tsaya yi ba, ya tura wa Yaya, ya kira.

"Yaya, na samu! Kai wa Baba ya gani."

Sai ƙarar titin gidansu yake ji ta cikin wayar, da wani mai babur yana ta hon.

"Yaya?"

"Auta," ta ce, muryarta ta karye, "Baba ba ya gani. Ya rufe duka. Ko fitila ka haska masa bai sani ba."

"Tun yaushe?"

"Bai kai wata ba. Da can in na kai masa waya kusa da na daman yana gani. Kullum sai ya ce in duba ko ka turo."

Auta ya jingina da bango. Ya zauna a kan matakala, ɗalibai suna raɓa shi suna wucewa. Hoton farkon ya fi wata biyu a wayarsa.

Sai ya ji muryar tsohon daga nesa, da faɗanta yadda ya san ta. "Ke, wa kike yi wa kuka? Autan ne? Ya turo? To zo nan ki zama idona. Buɗe maganar kowa ya ji."

Auta ya ji jan kujera.

"Hannun yana sama?"

"Yana sama, Baba."

"Na hagu?"

"Na hagu."

"Dubi gindin rigar. Ya ɗage?"

"Bai ɗage ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta jin daɗi. "Na gaya muku. To kafaɗa fa? Ɗinkin yana kan ƙashin kafaɗarsa daidai?"

Auta ya cire wayar daga kunne ya buɗe hoton da ya tura, sai a lokacin ya dube shi. Kafaɗar dama ta zubo ta wuce inda kafaɗarsa ta ƙare. Bayan rigar ya saki kamar an rataye ta a ƙusa. Wuyansa ya fito siriri daga cikin kwala.

"Ta zauna, Baba," in ji Yaya.

"Ke dai tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Ya rame ko?"

Bai jira amsarta ba, ya kira ɗansa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

Bakinsa ya buɗe zai ce akwai wani hoton, wanda ta zauna a cikinsa kamar a jikinsa aka halicce ta. Amma ya ce a nuna wa wa? Ya haɗiye maganar.

"Saurara da kyau. Kada ka kuskura ka kai wa wani telan can ya rage mini ita. Ba su san abin da na sa a hammatar nan ba, ɓata ta za su yi. Awona daidai ne, kai ne ka ragu. Ka ci abinci ka cika ta. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"To Allah ya yi albarka. Koma wajen ɗalibanka, kada a ce sabon malami yana waya a baranda."

Baba bai kai sanyi na gaba ba. Auta bai samu zuwa ba sai bayan an yi kwanaki da binne shi, ya tarar Yaya ta lulluɓe keken da tsohon zane. Ya nuna mata hoton farkon. Ta daɗe tana kallo, ba ta zage shi ba, shi ma bai tambaye ta dalilin "da sauƙi" ba. Suka zauna a bakin ƙofar shagon suka yi kukansu tare.

Yana can har yanzu yana koyarwa, a makarantar nan ta bayan tasha, don malamar da ta tafi haihuwa ba ta dawo ba. Ya yi aure, yana da 'ya mace, ita ma bahaguwa. Duk sabon malamin da ya rubuto masa daga gida yana tambayar hanya, abu na farko da yake gaya masa shi ne kada ya zo da sanyi, na biyu kuma ya riƙa gaya wa mutanen gida gaskiya ko ba daɗi. Shafin kwat ɗin ya yage an sake, maɓallan ma ba na asali ba ne, amma bai bar almakashi ya taɓa kafaɗar ba. Matarsa takan cika masa kwano ta tsaya a kansa, yana ci, wallahi yana ci. Kafaɗar dai har yau ba ta cika ba.